Sunan Da Ba Na Faɗa

Birnin Gwari, daminar 1953

Laraba, bayan la'asar

Alhamdulillahi. Yau yaron nan ya haɗiyi kunu, kunun kuma ya wuce. Yaya Azumi ce ta fito da ludayin a hannu tana nuna mini, sai ka ce ni na yi musu. "Abarshi, ga shi nan, ya shanye tas!" Na ce madalla, na ci gaba da gyaran sarƙar kekena, wadda ba abin da ya same ta.

Tun da aka ba ni aikin malamin daji nake rubuta abin da na gani kullum saboda ofis: an sare itace a wuri kaza, shanu sun shiga gandun daji ta wuri kaza. Wannan kuwa ba na ofis ba ne. In ban faɗa wa takarda ba, ban san wanda zan faɗa wa ba.

Yaron nan shi ne na fari a gare ni. Sunan mahaifina aka sa masa, gari na kiransa da laƙabi, to ni ko laƙabin bai taɓa fita daga bakina ba, haka ma uwarsa Ladi. Kunyar ɗan fari ce, haka muka tarar, haka muke yi. Tun da aka yaye shi yake hannun yayata Azumi. Ita ta goya shi, ita ke zaginsa, ita ke sa masa albarka. Yanzu ga shi har da ɗan gemu, yana aikin zarto tare da masu tsaga maɗaci a kurmin bayan Kakangi. A can mashaƙo ya kama su, su biyu. Ɗayan, abokin aikinsa, an kai shi gidansu a kan abin da ba zan rubuta sunansa ba.

Malam Maiturare, malamin asibitinmu, ya yi ta yi masa allura har kumburin wuyan ya sauka. Allah ya saka masa da alheri. Allah ya saka wa mutanen da suka ɗauko shi a kafaɗa cikin taɓon nan, ko sunayensu ban tambaya ba don ruɗewa.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Gida ya cika maƙil da masu barka da arziki. Dangin Ladi sun zo tun daga Kuyello. An kawo ƙwan zabi, an kawo zuma, wani tsoho ya kawo ɗan zakara ya ɗaure a zaure yana ta damun mutane. Na gode, na gode, har bakina ya gaji, kuma ban ƙi ya gaji ba.

Da aka ragu sai na bi ta ƙofar ɗakin Yaya, wai zan duba rumbu. Na yi gyaran murya, na yi sallama. Kafin in rufe baki ya sauko daga gado ya tsuguna.

"Baba, barka da saukowa."

Ya rame ƙwarai. Ban dai kalle shi sosai ba, idona na kan rumbu. Na ce, "Yauwa. Da sauƙi dai?" Ya ce da sauƙi. Na wuce.

Ban kai rumbun ba na ji abu ya faɗi tim, Yaya ta saki salati. Na tsaya cak. Ta ɗaga murya ta ce ba komai, jiri ne, mutumin da ya daɗe bai ga tuwo ba. Ladi na bakin murhu da muciya a hannu. Ba ta juyo ba, ba ta kuma ci gaba da tuƙi ba. Tuwon ya yi gudaji, muka ci abinmu haka nan.

Lahadi, hantsi

Jiri ne. Yunwa ce. Yaya ta ce, ni ma na ce.

Litinin, bayan azahar

Na biya da safe na yi sallama kamar kullum, ya gaishe ni. An ce ya sake faɗuwa. Alhamdulillahi a kan tabarma ya faɗi, ba a kan dokin ƙofa ba.

Talata, la'asar sakaliya

Malam Maiturare ya zo da robarsa ta sauraron ƙirji. Ya daɗe a ciki, daɗewar da ba ta yi mini daɗi ba. Ni ina bayan zana ina ɗaure wani kara da ba ya bukatar ɗauri. Da ya fito ya ja Yaya gefe, gefen kuwa dab da zanar. Ina jin da gangan ya yi, don mutum ne mai hankali.

Yaya ta ce, "Malam, ba kai ka ce ya warke ba?"

"Wuyan ne ya warke, Goggo. Jikinsa ya yi faɗa da cutar ya kore ta, amma kumburin da faɗan ya tayar bai tsaya a maƙogwaro ba. Ya gangara har zuciya, ya taɓa jijiyoyin da ke riƙe da ita. Akwai mai ce mata ta yi sauri, akwai mai ce mata ta sassauta. Mai lafiya in ya miƙe, su biyun kan daidaita kafin ma ya sani. Shi kuwa yanzu sun daina jin juna. Da ya miƙe sai zuciyar ta ruɗe, jini ya kasa kaiwa kai, sai faɗuwa."

"Wato kamar lugude, in wata ta saki taɓarya kafin 'yar'uwarta ta ɗaga?"

"Kin gane, Goggo. Saboda haka kwance zai ci, kwance zai sha, kwance zai yi salla da ishara. Ko buta kada ya miƙa hannu ya ɗauka. In aka kiyaye, sau da yawa kumburin kan sauka da kansa. In ba a kiyaye ba..."

Bai ƙarasa ba. Ni ma ba zan ƙarasa masa ba.

Na zagayo kamar yanzu na shigo, na tambaye shi batun kai shi babban asibiti. Ya ce kogi ya kawo, mota ba ta ƙetarewa, ko da tana ƙetarewa ma jijjigar hanya za ta fi ciwon illa. Ya ce zai aika wa likita ta hannun masinja ya ji shawararsa. Na gode masa. Na gode wa Allah da aka gane tun yanzu, ba bayan an yi abin da aka yi ba.

Alhamis, hantsi

Tabɗi! Yaya ta kifa turmi a ƙofar ɗaki ta zauna a kai da sandar kora kaji. Duk wanda ya zo dubiya sai ta ce, "Gaisuwarka ta iso, ni zan kai masa." Matar sarkin fawa ta ce ita fa sai ta ga idonsa. Yaya ta ce idonsa biyu ne kamar na kowa, ta koma gida ta duba na mijinta. Yanzu ana ta tsegumi a gari wai mun ɓoye mara lafiya kamar gwal ɗin da Turawa suka haƙa. Su faɗi. Ban taɓa jin daɗin masifar Yaya kamar yau ba.

Asabar, bayan la'asar

Ya faɗi. Wannan karon ya daɗe bai farfaɗo ba, sai da aka yi ta yayyafa masa ruwa.

Da ya samu barci Yaya ta fito ta ce, "Abarshi, zo nan." Irin kiran da take yi mini ina yaro. Na zo.

"Na kori gari kaf. Kaji ma na hana su wucewa. Saura mutum ɗaya."

Na ce, wa?

"Wa ke gyaran murya a ƙofar nan safe da yamma, wai yana duba rumbu? Rumbun nan ƙafa gare shi da zai gudu? Duk faɗuwar da yaron nan ya yi, bayan sallamarka ce. Ina danne shi yana ture ni. Wai, Goggo, Baba na tsaye ni ina miƙe kamar wani sarki?"

Na ce to ta gaya masa ni na ce kada ya tashi.

"Na gaya masa har na gaji! Ya ce ai kara ce kake yi masa. Shiga ka faɗa masa da bakinka."

In shiga in ce me? Tun da aka haife shi maganata da shi ba ta wuce yauwa, da madalla, da Allah ya kiyaye hanya ba. Kuma ko na shiga, ai kafin in buɗe baki ya riga ya sauko. Na ce to zan daina zuwa.

"Wannan kam ka iya," in ji ta, ta koma kan turminta.

Lahadi, almuru

Na cire ƙararrawar keke. In na dawo, daga zaure nake saɓa shi a kafaɗa, takalmi a hannu, ina sanɗa a gidana kamar ɓarawon awaki. Ɗazu tari ya taso mini, sai da na ruga waje gindin tsamiya kafin in yi.

Yau bai faɗi ba. Alhamdulillahi. Ashe maganin yaron nan rashin ganina ne, magani mai sauƙin samu. Na gode wa Allah. Amma ya yi mini ɗaci, ba zan ɓoye wa takarda ba.

Litinin, asuba

Bai faɗi ba. Ladi ta share ƙofar ɗakin Yaya, ta tafi, ta dawo ta sake sharewa.

Laraba, magariba, a rugar Bappa Jaji

Ni da kaina na nemi a tura ni duba iyakar gandun daji ta wajen Dogon Dawa, aikin da a da nake zamewa in damina ta yi nisa. In ba na gida, ba abin da zan ɓata. Ruwa ya tsare ni a hanya, na fake a rugar Bappa Jaji, tsohon abokin faɗana. Shekara da shekaru ina korar shanunsa daga gandu, ina juya baya yana maido su. Aka dama mini fura da kindirmo, irin wadda ba a sayarwa.

Ya ce, "Malam, yau ba ka yi mini maganar iyaka ba. Lafiya kuwa?"

Na ce yaron gidanmu ne ba shi da lafiya.

"Wanne daga ciki?"

Na mai da ido kan ƙwaryar fura. Ya gane, don su sun ma fi mu wannan kunyar.

"Allah hoinu," ya ce, da harshensu na Fillanci, wato Allah ya sawwaƙe. Ya daɗe yana murza igiya a cinyarsa, ruwa na ɗiga ta gefen bukkar. Can ya ce, "Nawa ɗan farin, a mashekarin da muka yi bakin kogin Mariga ne. Yana kwance a bukka kwana da kwanaki, ni ina bayanta ina murza igiya irin wannan. Ina jin numfashinsa ta cikin ciyawa. Da aka kai shi makwancinsa kowa ya yabe ni, aka ce Jaji ya cika Bafillace, ko leƙawa bai yi ba." Ya ɗaga ta hannunsa ya dube ta. "Igiyar kuwa ta yi kyau. Tana nan. Har yau ban ɗaure komai da ita ba."

Ya ajiye igiyar. Muka yi salla.

Juma'a, bayan la'asar

Na dawo da gorar nono, Bappa Jaji ya ce in kai wa wanda ba mu ambata ba. Tun daga zaure na ga gidan ba daidai ba. Ba a daka, ba hayaƙi.

Yaya ta tare ni bayan rumbu, tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce tun ranar da na tafi bai faɗi ba, amma ya daina ci. In ya kurɓi ruwa rabi ta hanci yake dawowa, muryarsa ma ta koma ta hanci. Malam Maiturare ya ce wannan ma aikin jijiyoyin ne, kuma yakan wuce. Ba shi ne ya tayar mata da hankali ba.

"Shekaranjiya ya ce mini, Goggo, gaya mini gaskiya. Malam Maiturare ya ce ba zan tashi ba, ko? Shi ya sa Baba ya daina zuwa, ba ya son ya gani. Na rantse masa, na sake rantsewa. Ya juya fuska bango, har yanzu bai juyo ba."

Na ce, haba.

"Haba me? In ka zo ya tashi ya faɗi, in ba ka zo ba ya ƙi ci. Ni kam na rasa yadda zan yi da ku, kai da shi. Taurin kanku ɗaya, wallahi ɗaya." Sai ta sa gefen zane ta rufe fuska. Rabon da in ga hawayen Yaya tun rasuwar innarmu.

Asabar, asuba

Bai sha nonon ba.

Asabar, bayan azahar

Malam Maiturare ya ce da can gudu zuciyar take yi, yanzu jan ƙafa take. Hannuwan yaron sun yi sanyi. Amsar likita ta iso, ba ta wuce abin da muka sani ba: kwanciya, abinci kaɗan-kaɗan, a sa ido, kada ransa ya ɓaci.

Yau bai ja Yaya gefe ba. Ni ya duba ido cikin ido, ya ce, "Malam Abarshi, tsoro da baƙin ciki ma ta jijiyoyin nan suke bi su isa zuciya. Allurar wannan ba ni da ita."

Na ce na gode. Ban san abin da na gode wa ba, baki ne ya saba.

Asabar, almuru

Ladi ta share ƙofar ɗakin har ƙasa ta yi rami. Ni ina zaune bayan ɗakin, ina jin numfashinsa ta 'yar tagar nan. Na duba hannuna sai na ga igiyar rama nake murzawa a cinya. Ban san lokacin da na ɗauko ta ba. Na wurgar da ita bayan danga.

Lahadi, hantsi ya ɗaga

Wannan kam dole in rubuta shi.

Da na idar da walaha na tuɓe babbar riga, na ajiye hula. An kwana ana ruwa, tsakar gida duk caɓi. Daga gindin rumbu na durƙusa na fara rarrafe. Yaya na kan turminta. Ta buɗe baki, na harare ta, karon farko a rayuwata, ta sa hannu ta toshe bakin. Ladi na wanke-wanke, na ji kwano ya suɓuce mata.

Ban yi gyaran murya ba. Sallamar ma a zuci na yi ta, Allah ya yafe mini. Ɗakin da duhu-duhu, yana kwance ya ba ƙofa baya. Na ja jiki har gindin gadon na kwanta rigingine a ƙasa, na miƙa hannu na kama wuyan hannunsa. Ya ɗauka Yaya ce, ya ce, "Goggo, na ƙoshi." Da ya juyo ya ga ko waye sai ya zabura. Na danne hannun da iya ƙarfina.

Na ce, "Ina za ka? Wa ke tsaye da za ka tashi masa? Ni ma kwance nake. Na ma fi ka ƙasa."

"Baba... ƙasa ce fa. Ga taɓo..."

"Na sani. Ni na shigo da shi."

Har yanzu yana ƙoƙarin ɗaga kafaɗa. Sai na kira shi. Da bakina, da sunansa, yadda kowa a garin nan ke kiransa. Kalmar ta fito mini wani iri, kamar ba Hausa ba. Ya sandare. Ƙarƙashin yatsuna na ji abin nan ya yi tsalle, ya tsaya, ya sake tsalle. Wayyo, na ce shi ke nan, na ƙarasa shi da bakina. Na riƙe, ina ta salati a zuci. A hankali bugun ya dawo. Ba daidai yake ba, yana tafiya yana tuntuɓe, amma yana tafiya. Luguden da Yaya ta faɗa ke nan, yau na ji shi da hannuna.

Na ce masa, idona na kan rufin ɗaki, "Ba don na fid da rai na daina zuwa ba. Don kana tashi ne. In ka tashi faɗuwa kake yi, in ka faɗi ni ba na iya barci. Ka ji dalili."

"Na ɗauka..."

"Ka ɗauka ba daidai ba."

Na ji gadon na motsi kaɗan-kaɗan, na san kuka yake. Ban duba ba. Kunnuwana ma sun cika da ruwa, don mai kwance rigingine can hawayensa ke gangarawa, yau na sani.

Na ɗaga murya na ce, "Yaya! Kunun nan fa?"

Ta shigo da ƙwarya ta tsaya a kaina. "Ikon Allah! Malamin daji guda, yau ga shi shimfiɗe kamar tabarma. In taka in wuce?"

Yaron ya yi dariya ta hanci, na ji bugun ya ƙara sauri, na ce mata ta bar ba shi dariya. Ta ba shi da ɗan ƙaramin ludayi. Wani ya dawo ta hanci, amma mafi yawa ya zauna. Alhamdulillahi. Alhamdulillahi. Alhamdulillahi.

Litinin, almuru

Ya sha safe, ya sha yamma. Gwiwoyina sun saɓule.

Laraba, bayan azahar

Magana ta fita gari, wai malamin daji ya zautu, yana rarrafe a gidansa. Sarkin fawa ya tare ni ya ce ko ƙasa nake aunawa ta gandu. Na ce i, gobe zan zo in auna tasa. Liman ya kira ni gefe ya tambaye ni, na gaya masa komai. Ya shafa gemu ya ce shi dai bai ga inda aka hana ba, ya yi mana addu'a mai tsawo.

Safe da yamma nake shiga. Ina kwance a ƙasa, yana kwance a sama, hannunsa a nawa, kowa na kallon rufi. Ashe yaron nan akwai surutu! Ya san itatuwan kurmin Kakangi fiye da yadda na zata. Wai har akwai wani maɗaci da suka bari ba su sare ba don ya ga alamar da na yi a jikinsa.

Juma'a, la'asar

Yau ya yi maganar ɗayan da mashaƙon ya kama su tare. Auta sunansa, shi ke riƙe zarto ta ƙasan rami. Ya ce Autan ne ya fara kwanciya, wuyansa ya warke sarai, har ya ci tuwo ya yi wasa da kowa. Sai Auta ya ce ya gaji da zama, ya sauka rami ya kama zarto.

"Ja ɗaya ya yi, Baba. Ina sama ina jiran ya ja na biyu."

Na ƙara riƙe hannun. Duk kwanakin nan da wannan yake kwance, shi kaɗai, fuska a bango. Allah ya jiƙan Auta. In hanya ta bushe zan je in gai da iyayensa.

Lahadi, asuba

Jiya da yamma abin ya dawo. Zufa, sanyin hannu, bugun ya yi nisa da juna har ina jiran na gaba kamar ba zai zo ba. Ba tashi ya yi ba, ba komai, haka kawai. Malam Maiturare ya zo ya zauna da mu har ya lafa. Ya ce haka ciwon yake, gaba da baya. Ba na son rubuta fiye da haka.

Lahadi, bayan azahar

Ya nemi zuma da kansa.

Talata, hantsi

Na rarrafo zan shiga sai na tarar Ladi zaune a dokin ƙofa, ta ba ɗakin baya, faifan wake a cinya tana tsincewa da hannu ɗaya. Na ce a raina yau kuma tsintar hannu ɗaya ake yi? Da na sunkuya zan wuce na ga ɗaya hannun. Ta miƙa shi ta baya, tana riƙe da babban yatsan ƙafarsa. Fuskarta a murtuke tana kallon kaji, kamar ba ita ba. Shi ma ya rufe ido kamar mai barci. Na koma da baya da rarrafena, na bar su.

Alhamis, magariba

Ruwa ya daina dawowa ta hanci. Muryarsa ta dawo. Yaya ta ce da ta san haka zai dame ta da surutu da ta roƙi Allah ya bar masa ta hancin.

Asabar, bayan la'asar

Kwana da yawa ban rubuta ba, aiki ya taru, kuma mai jin daɗi ba ya neman alƙalami. An fara yankan gero. Kogi ya janye, jiya mota ta shigo.

Malam Maiturare ya fara zaunar da shi, daga baya ya tsayar da shi yana dafe da kafaɗar Yaya. Ya saurari ƙirjin kafin da kuma bayan, ya ce jijiyoyin sun fara jin juna. Amma ya ce zarto bana babu, baɗi ma sai abin da Allah ya yi, kuma tashin zabura ya bar shi ke nan, a hankali zai riƙa miƙewa ko da wa ya zo. Batun zarton ya sosa wa yaron rai. Ya so aikin nan. Ni kuwa na gode wa Allah, in ya ga dama ya yi saƙar tabarma.

Da na raka Malam zaure ya ce, "Malam Abarshi, gobe ka zo masa a tsaye."

Na ce ba a bari sai jibi ba?

"Gwiwoyinka ma suna bukatar hutu," in ji shi.

Wallahi tsoro nake ji. Na saba da ƙasan nan.

Lahadi, hantsi

Na sa babbar riga, na kafa hula, na maida wa keke ƙararrawarsa na kaɗa ta a zaure don a san na shigo. Na taka tsakar gida da takalmina. Ladi na bakin murhu da muciya, ba ta tuƙi. Malam Maiturare na gindin zana, wai ya zo wucewa ne.

Na tsaya a ƙofar. Na yi gyaran murya, na yi sallama.

Daga ciki na ji Yaya: "A hankali, don ubanka!" A gabana kuwa.

Ya daɗe. Na ji gado ya yi ƙara, na ji tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, sannan ya fito bakin ƙofa ya tsuguna.

"Baba, barka da hantsi."

Na ce, "Yauwa. An tashi lafiya?" Idona na kan rumbu, kamar yadda uba ke yi. Amma ban wuce ba. Ta gefen ido na ga ya dafa ƙofa, ya ja numfashi, ya fara miƙewa. Na tsaya ina jiran ƙarar nan da na sani. Zakaran tsohon nan ya yi cara. Wani ya wuce a waje yana tallan gyaɗa. Ba abin da ya faɗi.

Na ce, "Madalla," na tafi wajen rumbu. Yau kam da gaske na duba shi. Na tura kaina ciki na daɗe ban fito ba, har Yaya ta ce ko ɓera na kama.

A gaban mutane na koma yauwa da madalla, shi ma ya san haka za a yi. Amma nan ba kowa.

Nababa ya tsuguna. Nababa ya miƙe. Ɗana Nababa bai faɗi ba.